Shirin ƙafa zuwa Mina da ciwon lufus

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Ranar Laraba muka biya kafin alƙalami na kujerar Hajji, ni da maigidana. Kuɗin sun shiga, saura jiki. Abin da na sa a gaba daga yau zuwa tashinmu shi ne in kai matsayin da zan iya tafiyar kilomita 10 a ƙasa a yini ɗaya, in wayi gari ban kwanta ba. Wannan sharaɗi na biyu shi ne mai wuyar. Mai lufus tana iya cijewa ta yi aikin ƙato yau, lissafin yana biyo ta ne gobe da jibi.

Ga wanda bai san ciwon ba: garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa kan mai ita. Takan kama fata, gaɓoɓi, jini, ƙoda, wani lokaci har rufin huhu da na zuciya. Ba a ɗauka daga wani, ba a kuma warkewa, sai dai a danne shi ya lafa, ya yi watanni ko shekaru shiru, wata rana ya motsa. Tara cikin goma na masu shi mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma yakan fi tsanani ga baƙar fata. Nawa an gano shi a 2017, bayan an daɗe ana yi mini maganin taifot da zazzaɓin cizon sauro da sanyin ƙashi, a gida kuma ana ta hayaƙi da rubutu don wasu sun ce jifa ne.

Abin da nake sha kullum: haidiroksikulorokwin, ɗan uwan kulorokwin ɗin nan da ya sa mu ƙaiƙayi muna yara, da azatiyofirin, da firedinisolon miligiram 5, sai sinadarin kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi.

Me ya sa kilomita 10? Sa'ayi kaɗai, kai-komo bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya haura kilomita 3. Ga ɗawafi, wanda in cunkoso ya kora mutum hawa na sama sai da'irar ta ninka. Ga zuwa masallaci daga masauki da dawowa. Ga zuwa jifa daga tantunan Mina, kuma duk alhajin da na tambaya cewa yake tantunanmu ba kusa suke da Jamrat ba.

Yau na fara. Bayan sallar Asuba na zaga filin makarantar firamaren unguwarmu na kamar minti ashirin, na dawo kafin rana ta ɗaga.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ranar asibiti. Na faɗa wa likitata zancen kujera, ta ajiye biro ta dube ni. Tambayarta ta farko ba kan ƙafa ba ce, kan fitsari ce. Ƙoda ita ce abin tsoro a wannan ciwo, don takan lalace ba tare da an ji zafi ba. Alamar farko sau da yawa furotin ne a fitsari, ko kumfa, ko kumburin ƙafa da safe. Ta tuna mini hukumomin Saudiyya ba sa barin mai wankin ƙoda ya je Hajji. Nawa gwajin ya fito lafiya, jini ma babu laifi.

“Malama, tafiya ba ta dame ni ba, na ma fi so ki yi,” in ji ta. “Rana ce ta dame ni.”

Tana da hujja. Hasken rana yana tayar da lufus, ba a fata kaɗai ba, har cikin jiki. A Hajjin bana, watan Yuni, ma'aunin zafi ya kai 51.8 a Masallacin Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu. Na baɗi ma a farkon Yuni zai faɗo. Muka yi yarjejeniya: in ciwon ya zauna lafiya har watanni uku kafin tashi, za ta rubuta mini takarda. In ya taɓa ƙoda, a ɗage zuwa wata shekara, babu gardama.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Minti arba'in yanzu, kwana huɗu a mako, a tsakani in huta. Yaya ta shiga, wai ita ma suga ya fara yi mata barazana. Tafiya da ita ta fi daɗi amma tana da sauri, sai na riƙa ja mata hijabi.

Na sayi takalmin kambas mai taushin ƙasa, lamba ɗaya sama da tawa, saboda yatsun ƙafa suna kumbura da yamma. Matan layinmu sun gan ni da zumbulelen hijabi da kambas da laima da sanyin safiya, an yi dariya har da tafawa. Ba komai.

Lahadi, 15 ga Disamba

Hunturu ya kankama, kuma shi ne lokacin da na fi sani da gaɓoɓina. Ina tashi da yatsu a sandare, sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin in iya riƙe buta. In na fita cikin sanyin nan kan yatsun yakan yi fari fat, ya mutu, in jini ya dawo kuma ya hau zugi. Likita ta ce ƙananan jijiyoyin jini ne suke tsukewa, kuma da yawan masu lufus suna da shi. Safar hannu biyu nake sawa, na kuma mayar da fita zuwa bayan La'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi. Hazo yana ruɗi: mutum ya ga gari a lulluɓe ya ɗauka babu rana, alhali hasken da ke ƙona fata yana ratsowa. Man kare rana dai kullum, a fuska da bayan hannu.

Zancen fuska ya tuna mini. Ƙurajen lufus in sun warke a fatarmu baƙin tabo suke bari, a kumatu da karan hanci. A gidan suna makon jiya wata dattijuwa ta ja ni gefe, cikin tausayi, ta ce, “'Yar nan, ki bar shafe-shafen nan, kin ga yadda ya ƙona ki.” Na ce to, Inna, na gode. A shekarar da nake shan firedinisolon da yawa kuma, fuskata ta yi fam, sai barka ake yi mini wai hankali ya kwanta. Wannan ƙibar ce dai 'yan mata ke nema da ƙwayar da suke kira sha-ka-fashe, wadda dangin maganin nan ce, ga ta tana cin ƙashi, tana tayar da suga da hawan jini. Mu da muke sha dole kullum roƙonmu a rage mana.

Na kai kilomita 4 a jiya, bisa lissafin waya. Yau lafiya lau na je makaranta duba jarrabawa.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Ya motsa. Mura ce ta zaga gidan, kowa ya yi kwana biyu ya miƙe, ni kuma ta buɗe wa ciwon ƙofa. Zazzaɓi ƙasa-ƙasa, gyambo a dasashi da saman baki, wuyan hannu da gwiwa sun kumbura, gashi yana biyo mataji. Sai kasalar. Ita ce ba na iya kwatanta wa masu lafiya. Ba gajiyar da barci ke magani ba ce. In yi wanka sai na zauna a bakin gado na huta kafin in sa kaya.

Da yake azatiyofirin yana rage ƙarfin garkuwa, zazzaɓi a wurina ba abin jira ba ne, don ba a sanin na ciwon ne ko wata cuta ce ta shiga sai an duba. An ɗebi jini, an duba maleriya, an duba fitsari. Fitsari tas, alhamdulillahi. An ɗaga firedinisolon zuwa 20, za a riƙa saukowa a hankali. Ba a yanke shi farat ɗaya, don jiki yakan daina yin nasa sinadarin in ya saba da na waje, sai an ba shi lokaci ya farfaɗo.

Masu dubiya sun zo da magunguna kamar kullum. Wata ta kawo jarka daga wajen masu mota da lasifika, wai na sanyi ne, ko wane iri. Wata ta kawo ƙulli na ƙwayoyi gauraye daga kemis, an sa a leda babu suna. Na karɓa na yi godiya na ajiye. Maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak suna wahalar da ƙoda, kuma Septrin da ake ba kowa in yana tari yakan tayar wa masu lufus da ƙuraje, har da ciwon kansa. Hajiya, surukata, ita ta tare mini faɗan: “Ku ƙyale ta da na likitanta. Mai son taimako ya yi mata addu'a, ko ya kama mata wanki.”

Tafiya ta tsaya cak.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na koma filin makaranta. Minti goma sha biyar, na zauna a kan dakali. Abin da na tara a wata uku kamar an share, kuma zan yi ƙarya in na ce raina bai ɓaci ba. Amma ƙafar ba ta mance ba, numfashi ne ya yi baya.

Na sauya tsari. Da nisa nake bi, yanzu safiyar gobe nake bi. Kowace safiya ina rubuta abu uku a bayan littafin darasi: tsawon lokacin da yatsu suka yi kafin su saki, ko akwai zafin jiki, da ko zan iya share tsakar gida. In biyu sun ɓaci, ranar babu fita, ko Yaya ta zo ƙofa da kambas ɗinta. Ƙarfin mai wannan ciwo kamar kuɗin cefane ne a ƙarshen wata, in aka kashe na Laraba ranar Litinin to Laraba sai a sha gari. Ranar da zan yi doguwar tafiya ba na wanki, ba na zuwa kasuwa, girki kuma 'yata Ummi ce.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Zancen rigakafi ya ci mana zama guda da likita, kuma ina ganin duk maniyyacin da ke shan maganin danne garkuwa ya kamata ya yi irin wannan zama kafin ya shiga layin allura. Allurar sanƙarau, mai kare nau'i huɗu, wajibi ce ga kowane alhaji, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, don haka babu matsala. Allurar cutar shawara ce damuwar. Ana neman shaidarta ga masu zuwa daga Najeriya, ita kuwa ƙwayar cutar ce mai rai aka raunana, ba a yi wa mai shan irin magungunana. Haka ɗigon shan inna na baki, shi ma mai rai ne, sai dai akwai na allura wanda ba shi da rai, shi za a yi mini.

Allah Ya taimake ni da ajiyar Yaya. A 2014, kafin ciwo, na raka ta Kwatano sarin atamfa, aka yi mana allurar shawara aka ba mu katin nan mai ruwan ɗorawa. Tun 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sabunta bayan shekara goma ba. Katin yana ƙasan akwatinta cikin rasiɗan kaya, ya yi laushi amma hatimin yana nan.

An kuma tura ni ɗakin ido. Haidiroksikulorokwin yakan taru a bayan ido in an daɗe ana sha, shi ya sa bayan shekara biyar ake dubawa duk shekara, kuma ba a so a wuce miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. An ɗiga mini magani, na yini ina ganin dishi-dishi. Lafiya.

Firedinisolon ya sauko 7.5.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kai rabi. Likita ta yarda in ɗauka tunda ƙoda ƙalau, da sharaɗin in ajiye duk ranar da fitsari ya yi duhu ko jiri ya zo. Firedinisolon da sahur, sauran bayan buɗe baki, ruwa kuma kaɗan-kaɗan har dare ya raba, ba a ɗura lokaci ɗaya ba. Na sha azumi wasu ranaku, zan rama in sanyi ya dawo.

Da rana babu tafiya. Asham ce atisayena: ina zuwa masallacin da ya fi nisa da ƙafa, in tsaya iya tsayuwata, in gwiwa ta ƙi in ƙarasa a zaune. Tafiyar dare ta yi mini daɗi fiye da zato, kuma ita ce za ta yi mini amfani can, don na riga na ƙudurta ɗawafi da sa'ayi duk da dare zan yi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

An dawo bita bayan Sallah. Kuɗin kujera ya tsaya sama da naira miliyan 8, mun cika da ƙyar, filin da maigidana ya gada ya tafi.

Na je wa malamar bita da tambayoyina a rubuce, ta ce a bari a tashi tukuna. Da muka keɓe na ce, “Malama, in ƙafa ta gaza fa?” Ta yi murmushi ta ce ba ni ce farau ba. Ummu Salama ta kai kukan rashin lafiya wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Sauda ta nemi izinin barin Muzdalifa da dare kafin cunkoso, aka ba ta. Tsayuwar Arfa ba ta buƙatar hawa dutsen Rahama ko fita rana, duk inda mutum yake cikin iyakar filin ya tsaya, ko cikin tanti ne. Jifa kuma marar lafiya yana iya wakilta wani, sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya akwai hadaya a kansa, don haka in ware kuɗinta.

Na daɗe ina juya maganar nan. Akwai wani abu a zuciyar mai doguwar jinya da ke son ya nuna wa mutane shi ma ya iya, kuma wannan abin ba ibada ba ne. Na ga mata a bita suna alfahari za su yi komai da ƙafarsu, wata ma ta ce hawa keken guragu rage lada ne. Ban yarda ba. Ina shirya ƙafata ne don kada in zama kaya a wuyan maigidana da abokan ɗaki, ba don in ƙi rangwamen da aka yi mini ba. In na iya zuwa jifan ranar Sallah, tsakuwa bakwai, na je. Na ranakun da ke biye, ashirin da ɗaya kowace rana kuma bayan rana ta karkata, lokacin da zafi yake kan ganiyarsa, zan duba littafina da safe in yanke.

Sai batun da mata ke yi ƙasa-ƙasa a bayan aji: ƙwayar tsayar da al'ada. Kusan kowa ta tanada, ana ma ba juna suna a takarda. Na tambayi likitata ta waya, ta ce kada in kuskura. Wasu masu lufus jininsu yana da saurin daskarewa a jijiya saboda wani nau'in garkuwa da ke cikinsa, ni ma an taɓa ganin alamarsa a gwajina, kuma waɗannan ƙwayoyi suna ƙara haɗarin, ga zaman jirgi na awa huɗu da ɗoriya, ga ƙishirwa. Malama ta ce mai al'ada tana yin komai ban da ɗawafi, sai ta jira ta yi tsarki. Mun zauna da kalanda mun lissafa, da alama akwai sarari.

Mace mai harami ba ta sa niƙabi ko safar hannu, su ne kuwa garkuwata daga rana a nan gida. Don haka hijabi mai dogon hannu da zai rufe har yatsu, laima babba, da man kare rana marar ƙamshi. Safar ƙafa da takalmi an yarda wa mace.

Asabar, 26 ga Afrilu

Zafin Kano ya haura 40, kwalta har walƙiya take. Ina fita ana idar da Asuba, in dawo kafin bakwai, sai in ƙara wani zagayen bayan Isha. Haka na haɗa kilomita 8 ranar Talata, kashi biyu. Laraba yatsu sun saki da wuri, na je aji na koyar har tashi.

Na fara gwada tafiya da safa mai kauri a kan siminti, a barandar makaranta bayan yara sun watse, saboda daɓen sa'ayi marmara ne kuma tafin ƙafata ba ya son wuri mai tauri. Dugadugi ya yi ƙorafi. Na samo safa mai roba a ƙasa, wadda ba ta santsi.

Ranar Alhamis da sassafe muka hau Dala ni da Yaya da Ummi, don in ji yadda gwiwa za ta yi da matakala. Hawa bai ba ni wuya ba kamar sauka. Ummi tana gaba tana cewa, “Umma, ki dafa ni mana,” ni kuma ina lallaɓa bango. Gwiwar hagu ta ɗan kumbura da daddare, na ɗora tsumma mai sanyi, da safe ta sace.

Asabar, 10 ga Mayu

Yau ce ranar lufus ta duniya, a waya na gani, ban da haka da ba zan tuna ba. Abin da ya fi mini ita shi ne takardar likita ta fito ranar Alhamis. Fitsari babu furotin, jini daidai, firedinisolon ya dawo 5 tun Maris. Takardar da Turanci take, da sunan ciwon da na kowane magani da adadinsa, don likitocin tawaga da na can.

Magani na wata biyu na saya, ko da za a yi jinkirin jirgin dawowa, kowanne cikin kwalinsa na asali. Na raba biyu, rabi a jakar hannuna, rabi a ta maigidana, babu ko ƙwaya ɗaya a babbar jaka. Na sa ƙarin firedinisolon da likita ta rubuta yadda zan sha in zazzaɓi ko amai ya zo, da gishirin haɗa ruwan sha, da takunkumi da yawa saboda tarin alhazai da kowa ke dawowa da shi, da safar matse ƙafa ta cikin jirgi. Goron da Hajiya ta ƙulla mini na mayar mata, an hana.

Kilomita 10 ɗin ban kai ba tukuna. Tara na yi ranar Litinin, kashi uku, na kuma tashi lafiya ranar Talata. Likita ta ce kada in ƙara nisa daga yanzu, in riƙe abin da ke hannu, in yi barci sosai, in rage zuwa sallama gida-gida, wanda duk ya matsu ya zo ya same ni. Ba a kira rukuninmu zuwa sansanin alhazai ba tukuna. Gobe bayan Asuba filin makaranta, rabin awa, sannan in je a rage mini tsawon hijabi ɗaya da nake takawa.